Nana Asma'u 'Yar Shehu da Aikin Tsare Rubutu

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya zauna a ajin rubutacciyar waƙa ya ji sunan Nana Asma'u, kuma abin da yawancinmu muka riƙe game da ita bai wuce abu biyu ba, wato ta yi waƙoƙi kuma ta koyar da mata. Duka biyun gaskiya ne. Sai dai akwai wani aiki nata na uku da nake ganin ba a cika tsayawa a kansa ba, alhali kuwa ba don shi ba da sauran biyun ba su iso gare mu ba. Wannan aiki shi ne tsare rubutu: a tattara shi, a sake kwafarsa, a duba ko kwafin ya yi daidai da asali, sa'annan a rarraba shi wurare daban-daban don kada musiba guda ta tafi da shi gaba ɗaya.

Ni ɗan Inkil ne, garin da ke gabas da birnin Bauchi a kan hanyar Gombe, inda Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu, ya fara zama da jama'arsa kafin ya kafa birnin Bauchi a 1809. Ban da karatun Hausa, ina ɗan taɓa aikin kwamfuta, musamman Linux, buɗaɗɗiyar manhajar nan da Linus Torvalds ya fara a 1991, wadda kowa ke da damar dubawa da gyarawa da rabawa kyauta. A wannan fanni, darasin farko da ake ba mutum shi ne yin kwafin ajiya da bincikar lafiyar faifai. Da wannan idon ne zan bi rayuwar Asma'u a wannan ɗan rubutu, don haka mai karatu ya yi haƙuri idan ya ga ina ficewa daga Sakkwato zuwa gaban kwamfuta ina dawowa.

Haihuwarta da Tasowarta

An haifi Asma'u a Degel, cikin ƙasar Gobir, a shekarar 1793. 'Yan biyu ne ita da ɗan'uwanta Hassan. Bisa al'ada da Usaina za a kira ta, amma mahaifinta Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya raɗa mata sunan Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana ƙarama, sai sauran matan Shehu suka riƙe ta. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi karatun fiƙihu da tauhidi da tasawwufi a gida, domin gidan nasu makaranta ne, maza da mata duk a kan karatu suke. Ta iya Fillanci da Larabci da Hausa da harshen Buzaye, kuma a cikin ukun farko ta yi rubutu.

Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu, a watan Fabrairu na 1804, bayan da zama ya gagara tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa. Masana tarihi sun ambaci cewa littattafan Shehu a kan raƙumi aka ɗauke su, da taimakon wani malami Buzu mai suna Agali. A tsaya nan a yi tunani kaɗan. Mutanen da ke gudun ceton rai, da mata da yara da dabbobi, ga ƙarancin abinci, sun ware abin hawa saboda takardu. Yarinyar da ta ga haka da idonta ba sai an yi mata wa'azi kan darajar littafi ba.

Bayan nasarar Tafkin Kwatto a tsakiyar 1804, sai ga yaƙin Tsuntsuwa a ƙarshen shekarar, inda jama'a ta sha kashi mai tsanani. An ruwaito cewa kimanin mutum 2,000 ne suka yi shahada, kuma kimanin 200 daga cikinsu mahaddata Alƙur'ani ne. Alƙur'ani dai bai ɓace ba, saboda yana rubuce a wurare da yawa kuma yana ƙirazan wasu. Amma kowane malami da ya faɗi a ranar ya tafi da abin da ke kansa wanda bai rubuta ba, da bayanin da ya ji daga malaminsa, da isnadin karatunsa. A ganina wannan rana tana daga cikin abubuwan da suka sa zuriyar Shehu ba ta yarda ta bar ilmi a wuri guda ba. Jama'a ta ci gaba da yawo da kayanta har ta zauna a Gwandu a 1805. Asma'u ta auri Giɗaɗo ɗan Laima a 1807, aminin yayanta Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama Wazirinsa. Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka kafa Sakkwato a 1809, Shehu kuma ya rasu a can a 1817.

Littafi a Zamaninta

Kafin mu gane girman aikinta sai mun san mene ne littafi a wancan lokaci. Ba a yin takarda a ƙasar Hausa. Daga Italiya ake kawo mafi yawanta, ta biyo ta Tarabulus ko Alƙahira, ta ratso Sahara a kan raƙuma, kuma idan ka ɗaga irin wannan takarda a haske sau da yawa za ka ga tambarin jinjirin wata guda uku. Saboda haka tana da tsada. Tawada a gida ake haɗa ta, alƙalami kuma na kara ne. Ba a ɗinke littafi. Warƙoƙi ne a sake, a sa su cikin tadarishi, a ɗaure, a zura a gafaka, a rataye. Maƙiyan littafi kuwa ba su da iyaka: gara, da ɓera, da ɗigar ɗaki da damina, da gobara da hunturu, da kuma mai aro wanda ba ya maidowa.

Misalin gobara ma a gidan Sarkin Musulmi aka samu. Lokacin da Baturen Ingilan nan Hugh Clapperton ya komo Sakkwato karo na biyu a 1826, cikin tsarabar da ya kawo wa Bello har da littafin lissafi na Uƙlidis, masanin Girka, da Larabci. Bello ya yi murna ƙwarai, ya kuma shaida masa cewa gidansu na da kwafin wannan littafi wanda wani ɗan'uwansu ya zo da shi daga Makka, amma ya ƙone a gobarar da ta ci wani ɓangare na gidan shekara guda kafin nan. Kwafi guda ne, a ɗaki guda, shi ke nan ya tafi. Wannan baƙo a hannun Giɗaɗo ya sauka, mijin Asma'u, kuma a Sakkwato ya mutu a 1827.

Irin wannan asara har yau ana yin ta, sai dai ta canza kama. Faifan ajiyar kwamfuta ana yanka shi sassa, kamar yadda ake raba gida sashen maigida da sashen iyali. Mai amfani da Linux yakan sa manhajar a sashe guda, fayilolinsa a wani sashen, don in manhaja ta lalace ya sake zuba ta ba tare da ya taɓa aikinsa ba. Wannan dabara ce mai kyau, amma ba ita ce kwafin ajiya ba. Na san wani abokin karatu da ya kwafe kundin bincikensa daga wannan sashe zuwa wancan, hankalinsa kwance, ranar da faifan ya mutu sai sassan biyu suka tafi tare, domin gida ɗaya suke. Abin da masana ke ba da shawara shi ne kwafi 3, a kan na'ura iri 2, guda 1 kuma a wani wuri can daban.

Malaman da suka rayu da warƙoƙi a sake sun ƙirƙiro hanyoyin bincike tun da daɗewa. A ƙasan warƙa magatakarda yakan rubuta kalmar farko ta warƙar da ke biye, ta yadda ko iska ta watsa littafin za a iya mayar da shi bisa jerinsa. Na taɓa taya wani dattijo a Inkil jera wani littafin fiƙihu da jikoki suka hargitsa, kuma da wannan 'yar kalma muka yi aikin tun daga hantsi har la'asar. A nan ne ma muka gano warƙa biyu sun ɓace, domin kalmar ƙasa ta ƙi haɗuwa da ta sama. Haka nan in an gama kwafa akan yi muƙabala, wato ɗaya ya riƙe asali yana karantawa, ɗaya ya riƙe kwafi yana bi, abin da aka tsallake a rubuta shi a gefe. Marubuta waƙa kuma, ciki har da Asma'u, sukan rufe da ramzi, wato kalmar da in an lissafa haruffanta bisa hisabi za ta ba da shekarar Hijira da aka yi waƙar, wasu ma har sukan faɗi adadin baitoci. Wanda ya samu kwafi sai ya ƙirga. In lissafi bai cika ba ya san an yi masa giɓi.

Duk wanda ya san Linux zai ji kamar a gida yake. Umurnin dd yana kwafe sashe sukutum, bayit bayan bayit, zuwa wani faifan. Umurnin rsync kuwa abin da ya canza kawai yake ɗauka. In an gama sai a sa sha256sum ya fitar da lambar shaida ta asali da ta kwafi, in sun zo ɗaya to aiki ya yi, in ko harafi guda ya saɓa lambar za ta bambanta gaba ɗaya. Wannan ita ce muƙabalarmu. Shi kuma fsck shi ne mai bin tsarin fayiloli yana duba ko kowace warƙa tana inda jadawali ya ce take, kuma ba a sa shi a kan sashen da ke cikin aiki, sai an sauke shi tukuna, kamar yadda ba ka jera littafi ana tsakiyar karanta shi.

Aikinta

Rubutunta na farko da aka sani shi ne Tanbihul Gafilina, da Larabci, a 1820. Daga nan har ƙarshen rayuwarta ba ta ajiye alƙalami ba, kuma abin da ya iso gare mu ya kai kimanin 60, akasari waƙoƙi. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda kaso mai yawa na aikin nata sake zuba tsohon ilmi ne a sabon mazubi. A 1831 ta fassara waƙar mahaifinta daga Fillanci zuwa Hausa, wadda muka sani da Tabbat Haƙiƙa, ƙanenta Isa kuma ya yi mata tahamisi. Littafin da Bello ya rubuta da Larabci kan salihan mata ta mayar da shi waƙa da Fillanci, sa'annan da Hausa, wato Tawassuli ga Mata Masu Albarka. Ta kuma yi wata gajeriyar waƙa da ta jera sunayen surori 114 na Alƙur'ani cikin baiti 30, ta fitar da ita da Fillanci da Hausa da Larabci a lokuta daban-daban, tsakanin ta farko da ta ƙarshe kusan shekara 20.

Wannan waƙa ta surori tana tuna mini da jadawalin sassa da ke farkon faifai. Shi ba fayil ba ne, amma shi ke faɗin inda kowane sashe ya fara da inda ya ƙare, in ya lalace kwamfuta za ta ga faifan kamar babu komai a ciki alhali komai na nan. A tsohon tsari mai suna MBR wannan jadawali yana cikin bayit 512 na farko, kwafi guda tak. Sabon tsari mai suna GPT kuwa yana ajiye kwafi na biyu a can ƙarshen faifan. Asma'u ta ajiye nata jadawalin a harsuna uku.

Amma kada in ja kwatancin ya wuce iyakarsa. Umurnin dd ba ya tunani. In akwai kuskure a asali zai kwafe shi da aminci. Asma'u kuwa zaɓe take yi. A waƙar salihan mata ta taƙaita abin da Bello ya faɗaɗa, ta kuma shigar da matan gidansu da ta sani a cikin jerin. Dalilin komawarta ga Hausa ma dalili ne na siyasa da zamantakewa: bayan yaƙe-yaƙe, garuruwa da ribaɗoɗi sun cika da matan da ba su jin Larabci ko Fillanci, da yawansu sun taso cikin bori, kuma su ne ke renon 'ya'yan daular. Littafin da ke rataye a gafaka ba zai kai gare su ba.

Rasuwar Bello a Wurno a 1837 ita ce ta buɗe babi mafi muhimmanci a wannan aiki. Giɗaɗo ya ja baya daga harkokin mulki, shi da matarsa suka duƙufa kan tattara tarihin Shehu da na Bello, tun waɗanda suka ga abin da idonsu ba su ƙare ba. Giɗaɗo ya rubuta Raudul Jinan kan Shehu da Alkashfu wal Bayan kan Bello, ita kuma ta yi marsiyyar Bello, ta yi Filitago a 1839, waƙar da ta bi tafiyar jama'a zango-zango tun daga Degel, wadda Isa ya mayar Hausa da sunan Waƙar Gewaye. Shekara 35 ke nan bayan hijira. Tsofaffin da suka yi tafiyar suna ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ita kuwa ta yi ta tun tana yarinya, ga shi kuma tana da alƙalami.

'Yan Taru

A daidai wannan zamani ne ta tsara 'yan taru. Takan naɗa wata dattijuwa mai ilmi da mutunci a matsayin jaji, ta ba ta malfa da jan rawani a matsayin shaida. Jaji takan jagoranci mata daga ƙauyensu, yawanci tsofaffi da 'yan matan da ba su yi aure ba, su zo wurin Asma'u da sadakar hatsi ko zuma ko man shanu, wadda akan raba wa mabuƙata, su koyi waƙoƙi, su koma gida su koya wa matan aure da ke cikin gidaje. An fi kallon wannan ta fuskar ilmin mata, kuma haka ne. Ni kuwa ina ƙara ganin sa a matsayin ajiya a wani wuri daban. Waƙar da ke bakin mata ɗari a ƙauyuka goma gara ba ta cin ta, gobarar gida guda ba ta ƙone ta, kuma karin waƙa da amsa-amo su kansu masu gadi ne, domin in mai rerawa ta tsallake kalma kunnen 'yan'uwanta zai ji karin ya karye.

Ta haifi 'ya'ya maza, ciki har da Abdulƙadir wanda ya zama Waziri. Ta yi marsiyyoyi da yawa, ba ga manya kaɗai ba, har da ƙawaye da maƙwabta da jajojinta, kuma ta wannan hanya ce sunayen wasu matan da babu littafin tarihin da zai kula da su suka tsira. Ko a 1861, tana kusa da shekara 70, ta yi Dalilin Samuwar Allah da Hausa.

Rasuwarta da Abin da Ya Biyo Baya

Asma'u ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Allah Ya jiƙanta. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon 'yan taru.

Jarrabawa ta gaske ta zo ne bayan kusan shekara 40. Turawa sun ci Bauchi a 1902, suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas da jama'a mai yawa har aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na shekarar. Wasiƙun da aka samu a gidan Waziri Buhari sun faɗa hannun Turawa, daga baya H. F. Backwell ya buga fassararsu a 1927. Boko ya zo ya ture ajami daga ofis. Duk da haka rubuce-rubucen Asma'u sun tsira a hannun zuriyarta ta gidan Waziri, a gefe guda kuma mata suna ta rera su a ƙauyuka. Irin abin da ya faru a Tambutu a watan Janairu na 2013, inda 'yan bindiga suka ƙone ko suka kwashe kimanin littattafai 4,000 a cibiyar Ahmad Baba, alhali mafi yawa sun tsira don an riga an sulale da su zuwa Bamako, ya nuna cewa wannan haɗari bai zama tarihi ba.

A nan Bauchi ma akwai gafakoki a gidajen malamai da limamai waɗanda babu wanda ya san abin da ke cikinsu sai mai su. Abin da ya yawaita yanzu shi ne jika ya ɗauki hoton warƙoƙin kakansa da waya, ya ce ya adana. Hoton nan yana kan katin ajiya guda, wanda bai kai farcen yatsa girma ba, ba a jera shi ba, ba a ƙirga shi ba, ba a kuma taɓa buɗe shi a wata na'urar don a ga ko yana buɗuwa ba. Mu ɗaliban Hausa da muka iya karanta ajami mu ne ya kamata mu zauna da irin wannan jika, a sa wa kowane hoto lamba bisa kalmar ƙasan warƙa, a rubuta adadin warƙoƙin, a fitar da lambar shaida, a kai kwafi guda wani gari. Tsohuwar kwamfuta mai ɗauke da Ubuntu ta isa yin wannan, ba a biyan ko kwabo na lasisi.

Wanda ya buɗe wa masu bincike taskar gidan Waziri shi ne Waziri Junaidu, ɗan Waziri Buhari, wanda aka haifa a 1906 ya kuma hau wazirci a 1948. Daga ɗakin karatunsa ne Jean Boyd, Baturiyar Ingila da ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, ta samu mafi yawan rubuce-rubucen Asma'u. Ta fitar da tarihin rayuwarta a 1989, sa'annan ita da Beverly Mack suka tattara ayyukan nata da fassararsu a kundi guda, jami'ar jihar Mishigan ta Amurka ta buga shi a 1997. Waziri Junaidu ya rasu a watan Janairu na wannan shekarar.